Tsohon Bodi a Kan Sabuwar Mota

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so in ɗan yi muku bayani a kan wani al'amari wanda kowa a cikinmu ya sha gani a tasha, amma ba kowa ne ya tsaya ya yi tunani a kansa ba. Watau yadda masu motoci su kan cire tsohon bodi ko tsohuwar rumfa daga motar da ta mutu, su ɗora a kan wata sabuwa. A garinmu Fadan Kagoma, da Kafanchan, da Kwoi, wannan aiki ya zama ruwan dare.

Wani zai ce, ina ruwan malamin makaranta da aikin kafinta da mai walda? Ruwansa kuwa babba ne. Na ɗaya, a cikin irin waɗannan motoci iyayenmu ke zuwa kasuwa, mu kanmu kuma su mu kan shiga in an tura mu koyarwa ƙauye. Na biyu, aikin nan duka lissafi ne, irin wanda za mu koya wa yara a aji. Abin da na ke so in nuna shi ne, bodi ya shiga mota daban, ya dace da ita kuma daban. Tsakanin waɗannan biyu akwai dukiyar mutane da rayukansu.

Asalin al'amarin

Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Amma jirgi ba ya shiga gona. Citta da doya da acca sai an ɗauko su daga ƙauyuka, da fari a ka, daga baya a mota. Manyan motocin da aka riƙa kawowa a zamanin, kamar Bedford ta Ingila, yawanci kai ne da shasi kurum. Shasi shi ne dogayen ƙarafan nan biyu waɗanda su ke kamar ƙashin bayan mota. Sauran aikin kafintocinmu ne, su ke gina bodin katako a kai, su sa benci, mai fenti ya zo ya yi masa ado. Haka aka yi wa Mercedes 911, wadda kamfanin da aka buɗe a Inugu cikin 1980 ya riƙa harhaɗa irinta.

Ƙananan motocin kaya kuwa, waɗanda mu ke kira akori-kura, sun yawaita bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975. Ƙirar 404 da 504 su ne suka riƙe hanyoyinmu shekara da shekaru. Su da akwatinsu na ƙarfe su ke zuwa, sai mai walda ya ɗora musu rumfar ƙarfe a rufe da tamfol, ko keji mai tsawo don a ƙara lodi.

Yau an daina ƙera waɗannan duka. Bedford ta bar yin manyan motoci tun ƙarshen shekarun 1980, 504 kuma an tsai da ita 'yan shekaru kaɗan bayan 2000. Waɗanda suka gaje su su ne irin su Toyota Hilux da Kanta, da yawansu na hannu ne, 'yan Kwatano. In na ce sabuwar mota a cikin wannan bayani, nufina wadda ta fi bodin ƙuruciya, ko da ba daga kamfani ta fito jiya ba.

To, inji ya kan mutu ya bar bodi da ransa. Katakon maɗaci ko loko, in an kula da shi, ya kan ga bayan inji biyu. Sabon bodi kuwa kuɗi ne masu yawa, balle bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna cikin 2023, wadda ta bar manoma da 'yan kasuwa da yawa hannu babu nauyi. Saboda haka ba na ganin laifin mai mota in ya ce da tsohuwar zuma a ke magani. Amma kada ya manta, bodin nan an yanka shi ne bisa awon wata mota, kamar yadda tela ke yanka riga bisa awon mai ita. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Awo kafin a ɗaga

Abu na fari shi ne tef da takarda da fensir. Ba a fara da taro ƙarti goma su ciccibi rumfa su aza, sa'an nan a ga inda ta ƙi. A auna motar, a auna bodin, a rubuta, a gwama.

Ga misali. Akwatin bayan 504 tsawonsa kusan mita 2 ne. Hilux mai kujera layi ɗaya, akwatinta ya kai wajen mita 2 da santimita 30. Amma mai ƙofa huɗu, wadda ita ce ta fi yawa a hannun mutane yanzu, akwatinta bai wuce mita 1 da rabi ba sai da kaɗan, gama kujerun baya sun cinye wurin. Kun ga in aka ɗauko rumfar 504 aka ɗora wa mai ƙofa huɗu, rabin mita zai leƙo baya, ba abin da ke tallafe da shi sai ƙofar baya da aka kwantar. Za mu komo kan wannan rabin mita, don shi ne tushen ɓarna mai yawa.

Wuri shida ya kamata a auna a jikin akori-kura. Tsawon akwati daga bangon gaba zuwa ƙofar baya tana rufe. Faɗinsa a sama, inda ƙafafun rumfa za su zauna. Faɗin da ke tsakanin tudun nan biyu da ke rufe tayoyin baya, wanda a motoci da yawa bai fi mita 1 ba sai da 'yan santimita. Faɗin bakin ƙofar baya, don sau da yawa ya fi cikin akwatin ƙunci. Sa'an nan zurfin akwatin, da tsayin rufin gidan direba daga daɓensa. Motocin da akwatinsu miƙaƙƙe ne kamar adaka. Na yanzu kuwa an lanƙwasa gefensu, an zurfafa su, wani ma ya fi faɗi a gaba ya tsuke a baya. Don haka a auna faɗi a gaba, a tsakiya, a baya, kada a auna wuri ɗaya a ce shi ke nan.

In babbar mota ce mai shasi tsirara, abin aunawa shi ne faɗin da ke tsakanin ƙarafan shasi, da nisa daga bayan kai zuwa tsakiyar tayar baya, da nisa daga nan zuwa wutsiyar shasi. Ƙarƙashin kowane bodin katako akwai dogayen gungume biyu waɗanda dole su kwanta daidai a kan ƙarafan nan. In shasin sabuwar motar ya fi ƙunci ko faɗi, sai an kwance gungumen an matsar da su. Cusa guntayen katako a gefe ba gyara ba ne.

Har wa yau a bar tazara tsakanin bodi da gidan direba, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Dalili kuwa, shasi ba ya tsayawa ƙyam kamar dutse. In mota ta shiga gargada ya kan murɗe kaɗan, kai ya karkata nan, bodi ya karkata can. In sun matsu da juna sai su yi ta gugar juna har gilashin baya ya tsage. Saboda wannan kuma ba a ɗaure rumfa da rufin gidan direba.

Akwai wani tarko ƙarami. Tsofaffin motocin Ingila da inci aka ƙera notinansu, na Faransa da Japan kuwa da milimita. Inci 1 milimita 25.4 ne, rabin inci ke nan 12.7. Sifana mai lamba 13 za ta kama kan noti mai rabin inci, har mutum ya zaci duk ɗaya ne. Amma zaren cikinsu ya bambanta. In aka tilasta noti na inci a kan ƙusa ta milimita, zai yi kamar ya ɗauru, alhali zaren ya cinye, ran da aka shiga rami sai ya zame. Kama da wane ba ta wane.

Inda nauyi ya zauna

Yanzu mu komo kan rabin mitan nan. Kowa ya san yadda a ke wasa da katako a kan gungume, yaro ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. In ɗaya ya matsa can ƙarshe, sai ɗan'uwansa ya tashi sama ko da ya fi shi nauyi. Mota ma haka ta ke. Gungumen shi ne aksil na baya, watau sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Duk nauyin da aka aza a gabansa, tayoyin gaba da na baya su ke raba shi. Duk wanda aka aza a bayansa kuwa, ɗaga gaban motar ya ke yi.

Kowane kaya yana da cibiyar nauyinsa, watau wurin da in ka tallafe shi nan ba zai rinjaya ko'ina ba. Mai ɗaukar itace a ka ya san wurin, ko da bai san sunansa ba, don nan ya ke sa gammo. Bari mu yi lissafi. A ce nisa tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 300 ne, wanda kusan haka Hilux ta ke. A ce rumfa da kayan cikinta kilo 600 ne.

In cibiyar nauyin ta faɗi santimita 30 gaba da aksil na baya, sai mu ce 600 sau 30, a raba da 300, ya ba mu 60. Tayoyin gaba sun ɗauki kilo 60, na baya 540. Motar ta zauna lafiya.

In kuwa rumfar ta leƙo baya, aka loda ta har baki, cibiyar ta koma santimita 50 bayan aksil, sai mu ce 600 sau 50, a raba da 300, ya ba mu 100. Amma wannan karon ba ƙara wa tayoyin gaba aka yi ba, rage musu aka yi. An sauke musu kilo 100, tayoyin baya kuma suna ɗauke da 700, ko da ya ke kayan 600 ne kurum. Kaya ɗaya, mota ɗaya, amma bambancin abin da bayan ke ɗauka kilo 160 ne.

Me wannan ke jawowa? Tayoyin gaba su ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. In an rage musu nauyi ba su kama ƙasa sosai. Direba zai ji sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannunsa, ya murɗa a kwana motar ta ƙi bi, balle kan jar ƙasa da damina. Da dare fitilunsa su haska rassan itatuwa da idon mai zuwa maimakon hanya. Na taɓa ganin wata akori-kura a kan hanyar Kwoi ran kasuwa, an loda buhuna har kan ƙofar baya, samari uku kuma sun zauna a bisa. Da ta fara hawan tudu sai gabanta ya riƙa ɗagawa yana sauka kamar doki mai tirjiya, har sai da samarin suka diro aka mai da waɗansu buhuna gaba. Mai hankali ya kan gane wannan tun daga nesa: in ka ga mota hancinta a sama, gindinta a ƙasa, cibiyar nauyinta ta wuce wurinta.

Maganin abin a fili ya ke. In bodi ya fi mota tsawo, a rage bodin. Kafinta ko mai walda ya yanke abin da ya yi yawa, ya mai da bangon baya. Kada a yi ƙari a wutsiyar shasi da guntayen ƙarafa don a ce kada a yi hasarar wurin buhu huɗu. Bodi a ke yankewa ya dace da mota, ba a jan mota ta dace da bodi. Wajen lodi kuma, mafi nauyin kaya shi ke zuwa gaba, jikin bangon gidan direba.

Tsayi da kifewa

Sau da yawa tayoyin sabuwar mota sun fi na tsohuwar girma, ko akwatinta ya fi zurfi, sai a ga dole a ɗaga bodin, a sa masa katako a ƙarƙashi don kada taya ta goge shi. Ɗagawar ba laifi in ta zama dole, amma a sani tana da farashi. Duk santimitar da aka ɗaga bodi, an ɗaga cibiyar nauyin kayan tare da shi.

Ga lissafinsa. A ce tsakanin tayar hagu da ta dama santimita 150 ne, rabinsa 75. In cibiyar nauyin mota da kayanta tana santimita 75 daga ƙasa, 75 a raba da 75 ya ba mu 1. In aka ɗaga bodi, aka jibga kaya a kan rumfa, cibiyar ta hau zuwa 125, to 75 a raba da 125 ya ba mu kashi 3 cikin 5. Watau ƙarfin da zai kifar da ita yanzu kashi 3 ne kawai cikin 5 na wanda zai kifar da ita da. Tulu mai faɗin gindi ba ya faɗuwa da sauƙi, kwalba kuwa ko iska ta ture ta.

Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana kuma ba daidai da gudu ya ke ƙaruwa ba. In an ninka gudu sau 2, ƙarfin ya ninku sau 4. Kwanar da aka sha lafiya da gudun kilomita 30, in an shige ta da 60 turawar ta ninku huɗu. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos cikin mota mai dogon lodi ba ya bukatar in ƙara masa bayani. Saboda haka a ɗaga bodi gwargwadon bukata kurum. Hanyar gane bukatar ita ce a loda motar cikakken lodinta, sifirin ya kwanta, sa'an nan a zura hannu tsakanin taya da bodi. In akwai sarari kamar faɗin tafin hannu, da sauran wurin da tayar za ta motsa in ta faɗa rami.

Iyakar abin da za ta ɗauka

Girman bodi ba shi ke faɗin abin da mota za ta ɗauka ba. Kamfani ya kan rubuta iyakar nauyin a wani ɗan allo, yawanci jikin ƙofar direba ko cikin gidan inji, da kuma a littafin motar. Galibin akori-kura irin Hilux kusan tan 1 su ke ɗauka, watau kilo 1,000. Abin da mutane ke mantawa shi ne, cikin wannan har da rumfar kanta, da direba, da duk wanda ya shiga.

A ce rumfar kilo 150 ce. Direba da mutum huɗu, kowa kilo 70, sun tashi 350. In ka ɗebe 150 da 350 daga 1,000, saura 500. Buhun takin zamani kilo 50 ne, buhu 10 ke nan, ba ƙari. Mai motar da ya saba zuba buhu 20 cikin wannan rumfa tun tana kan tsohuwar motarsa zai ga har yanzu da wuri, amma wuri ba shi ne izini ba. Kuma tsohon bodin katako ya fi yadda a ke zato nauyi, balle in ya sha ruwan damina, ko an yi ta lafta masa faci da ƙarfe. Gwamma a auna shi tun yana ƙasa, ko da gaɓa-gaɓa ne a kan sikelin masu sayen citta.

Waɗansu su kan ƙara ganyen sifirin don kada motar ta durƙusa. Wannan ya kan ɓoye alamar ciwo ne, bai warkar da shi ba. Sifirin ya yi ƙarfi, amma birki da taya da aksil suna nan yadda kamfani ya yi su. Kowace taya ma akwai lambar iyakar nauyinta a rubuce a gefenta.

Ɗauri

Bodin katako a kan ɗaure shi da shasi da lanƙwasassun ƙarafa masu siffar harafin U, waɗanda ke rungumar gungume da shasi tare. Gwanin kafinta ya kan cusa guntun katako mai tauri cikin kwarin shasi daidai wurin ɗaurin, don kada matsi ya lotsa leɓensa. Ya kan kuma fiƙe goshin gungumen ta ƙasa, don kada kaifinsa ya riƙa cizon shasi a wuri ɗaya har ya tsage. Waɗannan ƙarafa suna hana bodi tashi sama, amma ba su cika hana shi zamewa gaba ba in an taka birki da ƙarfi. Don haka a kan ƙara faifan ƙarfe a gefe wajen baya, a ɗaure shi da noti ta ramukan da kamfani ya riga ya huda.

Doka ɗaya ce masu ƙera manyan motoci suka haɗu a kanta: kada a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, kada kuma a yi masa walda. Nan ƙarfinsa ya ke, rami ɗaya ko zafin walda ya isa ya zama mafarin tsaga.

Akori-kura kuwa, ƙarfen akwatin na yanzu ba shi da kauri. In aka sa noti tsirara, jijjiga za ta yage ƙarfen ya fito da shi. A sa faffaɗan faifan ƙarfe ta ƙasa ya raba matsin, a shimfiɗa yankin tsohuwar taya ƙarƙashin ƙafafun rumfa, a kuma shafa fenti a duk ramin da aka huda saboda tsatsa. Igiya da waya da robar tayar keke na ɗaure tamfol ne, ba na riƙe rumfa ba. In za a yi walda a jikin motar zamani, a fara cire kan batir, gama tana da ƙwaƙwalwa ta lantarki wadda wutar walda ke iya ƙonawa, kuɗinta kuwa ya kan fi na rumfar. A duba inda tankin mai ya ke tukuna, don na motoci da yawa yanzu na roba ne.

Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Notin da aka ɗaure tam cikin Agusta zai yi sako-sako cikin Janairu. A bi su da sifana bayan kwana biyu ko uku na fara aiki, a kuma sake bi duk sa'ad da yanayi ya juya.

Waɗansu ƙananan abubuwa masu kisa

Bakin salansa ya kamata ya fito waje da bodi. In rumfa ta leƙo ta rufe shi, hayaƙi zai riƙa komowa ƙarƙashin tamfol. Cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai dafi wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Fasinja zai ji ciwon kai da barci, a zaci gajiya ce, yara ƙanana kuwa su ta kan fara kamawa. A ƙara wa salansar tsawo, a kuma bar kafar shan iska a gaban rumfa.

Sa'an nan a duba fitilun baya da lambar mota, kada bodi ya rufe su. In bodi ya fi kai faɗi, a ƙara wa madubai hannu. A tabbata a na iya kaiwa ga bakin tanki da tayar safaya ba sai an sauke kaya ba. Waɗannan su ne abubuwan da ma'aikatan duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa cikin 1988, su kan tsai da mutum a kansu. Amma ko ba su a hanya, mai babur da ke bin bayanka da dare yana bukatar ya ga fitilarka.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada a zaci talauci ne kawai ya sa mu cikin wannan matsala. A Amurka akwai wani ɗan ɗakin kwana, da gado da murhu a ciki, wanda a ke zurawa a bayan akori-kura a tafi yawon hutu da shi, goshinsa ya leƙo bisa rufin direba. Ɗakin ya kan daɗe fiye da motar, kamar bodinmu. Da mai shi ya sayi sabuwar mota sai ya tarar gefen akwatinta da rufinta sun fi na da tsayi, bakin ƙofar baya kuma wani lokaci ya tsuke. Sai ya shimfiɗa dandamalin katako a daɓen akwatin ya ɗaga ɗakin, ya bar tazara bisa rufi, ya ɗaure shi da ƙarafan da suka kama shasi. Har wata sabuwar wahala ta same su: tun daga ƙirar 2015 kamfanin Ford ya koma yin jikin motarsa F-150 da alminiyam, shi kuwa in ya haɗu da baƙin ƙarfe cikin damshi ya kan ci, sai an raba su da roba.

Abin da na ga ya cancanci koyi a wurinsu shi ne, dokarsu ta tilasta wa mai ƙera ɗakin ya rubuta nauyinsa, ya kuma nuna inda cibiyar nauyinsa ta ke. Mu ma ba abin da zai hana kafinta ya ɗora bodi a kan gungume ɗaya, ya matsar har ya daidaita, ya sa alamar fenti a wurin, ya rubuta nauyin kusa da ita. Wanda zai gaji bodin bayan shekara 10 zai gode masa.

Abin da ya rage gare mu

Akwai bodin da bai kamata a ɗora ba ko kaɗan. In ka soka wuƙa a gungumen ta shige, ko gara ta ci ƙarƙashinsa, ko ƙafafun rumfar tsatsa ta cinye su, ko nauyinsa shi kaɗai ya cinye rabin abin da motar ke ɗauka, to ya gama aikinsa. A yi rumbu da shi ko ɗakin kaji. Araha ba ta ado.

Mu kuwa da za mu fita koyarwa, ina ba mu shawara mu kai wannan cikin aji. Rula ɗaya, da fensir a ƙarƙashinta, da 'yan duwatsu, sun isa a nuna wa yara yadda nauyin baya ke ɗaga gaba. A roƙi wani mai mota a gari ya bar su su auna akwatin motarsa da tef, su rubuta, su yi lissafin buhu nawa ya kamata ta ɗauka. Cikin yaran nan akwai direbobin gobe, da kafintoci, da masu walda, sauran kuma duk fasinjoji ne. Yaron da ya yi lissafin nan da hannunsa, ran da ya ga mota hancinta a sama zai gaya wa uwarsa ta jira ta baya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Iyakar abin da ya samu ke nan. Allah ya kiyaye hanya.